Risiba biyu a gida ɗaya: yadda aka zaɓi akwatin satalayit a wani gida a Runjin Sambo

Saura kwana goma sha biyu a ɗauki azumin 2024 yayana ya aiko yaro ya kira ni gidansa da ke Runjin Sambo, domin risibar satalayit da ta shekara tara a falonsa ta shiga wani hali da ya gagare shi. Tsohon malamin labarin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma tun zamanin manyan dish na raga da ake girkewa a tsakar gida yake da ƙulafucin farautar tashoshin kyauta, irin waɗanda ake watsowa a buɗe ba kati ba kuɗin wata. Yana da wani littafi mai bangon kwali da yake rubuta duk tashar da ya kama, da tauraron ɗan'adam da take kai, da lambobinta, da ranar da ya same ta. Ni kuwa na yi shekaru ina sana'ar kafa dish kafin in koma wani aiki, shi ya sa in abu ya cije ni ake nema.

Ƙorafinsa uku ne. Wasu tashoshi suna kawo murya amma allo baƙi ƙirin. Wasu da ya daɗe da sani sun ɓace, kuma ko ya sake bincike ba sa dawowa, alhali abokansa na harkar suna ce masa suna nan daram. Na ukun shi ne da rana ta take, akwatin sai ya mutu ya taso da kansa, hoton tashoshin Larabawa kuma ya riƙa kakkaryewa yana daskarewa. Hukuncin da ya yanke kafin in iso shi ne risibar ta tsufa, don haka zai sayi wadda ta fi kowace tsada a huta. Na roƙe shi ya ba ni yini ɗaya kafin a je kasuwa, saboda na sha ganin mutum ya sayi sabon akwati ya jona shi a kan ruɓaɓɓiyar waya, sannan ya koma shago yana faɗa.

Ba a fahimtar zaɓen risiba sai an san abin da ke sama da garin da ake zaune. Taurarin da ke watso talabijin suna jere ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganin kamar a tsaye suke. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da wannan layi, da digiri 5 da ɗoriya gabas, saboda haka yawancin taurarin da mutanenmu ke nema kusan a kan ƙoƙon kanmu suke. Nilesat da ke digiri 7 yamma yana kudu maso yamma da mu, a tsayin kusan digiri 69 daga ƙasa. Eutelsat na digiri 16 gabas yana wajen digiri 70, Badr na kamfanin Arabsat da ke digiri 26 gabas yana wajen 61, NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, yana digiri 42.5 gabas a tsayin kusan 45. Intelsat 20 ne, a digiri 68.5 gabas, ya sunkuya can ƙasa wajen mafitar rana, bai kai digiri 20 ba. A gidan yayana dish biyu ne: babba mai faɗin mita 1.8 yana kallon Nilesat, inda ake samun tashoshin da ke nuna Harami na Makka da na Madina dare da rana, da ƙarami mai santimita 90 a kan digiri 16, inda iyali ke kallon tashoshin Hausa irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014.

Da hantsi na hau soro da ƙaramar risibata ta gwaji da ɗan talabijin mai batir. Abin da na fara gani shi ne mahaɗin waya da ke gindin LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban dish yana tattara sigina, ya yi kore shar da tsatsa, tef ɗin da aka naɗe shi da shi ya bushe ya zama kamar ɓawon albasa. Da na yanke waya kamu ɗaya na bare ta, sai ga ragar cikinta ta yi baƙi, alamar ruwan daminar bara ya bi ta ya kwanta. Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. LNB ɗin ya sulluɓe a cikin mariƙinsa ya koma kusan a miƙe, bakin wayarsa yana kallon ƙasa sak, abin da masu sana'a ke cewa yana kan ƙarfe shida. A ƙasashen Turai da ake rubuta yawancin takardun bayanin kayan nan, karkatar da ake yi wa LNB kaɗan ce, amma mu da muke kusa da tsakiyar duniya, Nilesat kaɗai yana buƙatar a murɗa kan wajen digiri 40, wato kusan awa ɗaya da rabi a fuskar agogo, Badr kuwa ya fi haka ta ɗaya ɓangaren. Na riƙa murɗawa a hankali, yaron gidan yana tsugune yana karanta mini lambar inganci a allo, daga 38 ta hau 45, ta hau 54, ta tsaya a 61. Da na sauko na tarar da hoton Harami ya zauna tsaf a kan tsohuwar risibar da aka riga aka yanke wa hukuncin kisa. Yayana ya dube ni ya ce, "Ashe ba ita ad da laifi duka ba."

Sauran laifin kuwa nata ne, kuma da muka kwance murfinta muka gan shi ido da ido. Jar ƙurar hunturu ta shekaru ta lulluɓe allon ciki kamar an barbaɗa garin jan barkono, ga busasshiyar tsaka a maƙale kusa da inda wuta ke shiga, sannan kafasito biyu na sashen wuta, wato 'yan ƙananan gwangwanayen nan da ke tara wuta, sun kumbura, saman ɗayan har ya tsage ya yi tsatsa. Wannan ita ce cutar akwatunan da ake jona su kai tsaye da wutar gida a gari irin namu, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wuta kuma ta zo da ƙarfi yau gobe ta zo kamar kyandir. Kafasito yana da ruwa a cikinsa, zafi yana busar da shi, kuma da zarar ya raunana sai akwati ya riƙa mutuwa a daidai lokacin da ɗaki ya fi ɗumi. Gyaransa bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Abin da gyara ba ya magani shi ne tashoshin da ke magana ba hoto. A nan dole a rarrabe abubuwa biyu da 'yan kasuwa ke cakuɗawa. Akwai tsarin da sigina ke saukowa da shi daga tauraro, wanda ya fara da DVB-S a shekarun 1990, aka sabunta shi zuwa DVB-S2 a 2005, aka ƙara faɗaɗa shi zuwa DVB-S2X a 2014. Akwatin da bai san tsarin da aka watso tasha da shi ba, ko alamar sigina ba zai nuna ba, kamar babu komai a wurin. Sannan akwai yadda ake matse hoton kansa domin ya ci wuri kaɗan, daga MPEG-2 zuwa MPEG-4, wanda ake kuma kira H.264, zuwa H.265 da ya fito a 2013. Idan akwati ya kama sigina amma bai iya warware matsin hoton ba, shi ne ake jin murya allo yana baƙi. Risibar yayana ta san DVB-S2 da MPEG-4, a nan iliminta ya tsaya, masu tashoshi kuwa suna ta komawa H.265 ɗaya bayan ɗaya domin hayar wuri a kan tauraro tana da tsada, kuma sabon matsin yana iya rage abin da hoto ke ci da kusan rabi. Wannan aikin na ƙwaƙwalwar akwatin ne da aka ƙera shi da ita, babu manhajar da za a ɗora masa ta koya masa.

Tashoshin da suka ɓace kuwa ƙaura suka yi zuwa wasu lambobi. Risibar tana da wani wuri a jerin umarninta da ke da'awar tana bincike da kanta, amma da na sa ido na ga lambobin da aka cusa mata tun daga masana'anta kawai take bi ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ba ya cikin wannan tsohon jeri ba ta ganin sa. Binciken gaskiya, wanda 'yan harka ke kira bilayin sikan, ni kuma nake ce masa laluben makaho, shi ne akwati ya bi zangon gaba ɗaya taki-taki yana shinshinawa, duk inda ya ji motsin sigina ya tsaya ya gano lambarta da saurinta da kansa. Mai kallon tasha goma bai damu da wannan ba. Ga mutum irin yayana kuwa shi ne ran sha'awar baki ɗaya, domin da shi ake kama sabuwar tasha tun tana gwaji, da hotunan wucin gadi da gidajen talabijin ke aika wa juna daga filin wasa ko wurin taro, waɗanda kan bayyana awa biyu su ɓace.

Washegari muka shiga kasuwa da sharuɗɗa a rubuce a bayan wata takardar kuɗin wuta: DVB-S2X, H.265, laluben makaho na gaskiya, wutar volt 12 ta adafta a waje, da ramin filash. A shagunan Sakkwato sunan Strong ya daɗe da zama kamar sunan kowace risiba ta kyauta, yadda ake ce wa kowane garin wanki omo, sai kuma irin su Tiger da Starsat da GTMedia. Suna a jikin kwali ba ya isa hujja, domin masu jabu ma sun iya buga suna. Kaya sun yi tsada ƙwarai a lokacin, tun bayan da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, kuma duk abin da ke kan kantar daga waje yake zuwa.

Mai shagon da muka fi daɗewa a wurinsa bai tsaya kan takardarmu ba, sai ya jawo wani kwali mai hoton 'yan ƙwallo ya ajiye a gaban yayana. "Alhaji, wagga ita ka buɗe ƙwallo duka, shekara guda kyauta, intanet kawai za ka sa mata." Yayana ya tambaye shi, "In shekarar ta cika fa?" Ya ce sai a sabunta. "To mi yar raba ta da biyan wata?" Mai shago ya yi dariya ya mayar da kwalin. Irin waɗannan akwatuna suna karɓo mabuɗin tashoshin kuɗi ne ta intanet daga wata na'ura da ba wanda ya san mai ita ko ƙasar da take, kuma ranar da aka rufe ta ko masu tashar suka canja kulle babu wanda za a kama. Ban da haka, fasa kullen tasha ba da izinin mai ita ba laifi ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022. Ni abin da ya fi ba ni haushi da su shi ne, kuɗin da ya kamata a zuba a kan ingancin sashen kama sigina an karkatar da shi zuwa wannan alkawari, mai saye kuma ba ya tambayar komai da zarar ya ji kalmar ƙwallo. Haka muka wuce akwatunan da ke haɗa satalayit da eriyar ƙasa ba tare da dogon nazari ba, tunda shi ba ta ƙasa yake yi ba.

Abin da ya rage a gabanmu iri uku ne. Akwai 'yar ƙaramar risiba ta roba, ba ta fi tafin hannu ba, wadda ake maƙalawa a bayan talabijin, mai arha ƙwarai, kuma an rubuta H.265 ɓaro-ɓaro a kwalinta. Akwai matsakaiciya mai gidan ƙarfe da ramukan shan iska, kuɗinta ya kusa ninka na ƙaramar sau uku. Sannan akwai wadda ran yayana ke kai, irin masu aiki da Linux da tsarin Enigma2, dangin Dreambox da Vu+ da Octagon, wadda ba ta cikin shagon sai an yi odarta, kuma kuɗinta ya ninka na matsakaiciyar fiye da sau biyu. Gwaji a shago ba ya nuna komai, saboda kowane mai shago ya saita dish ɗinsa a kan tashar da ta fi ƙarfi, ko wace irin risiba aka jona sai ta yi kyau. Albarkacin tsohuwar sanayya mai shagon ya yarda muka ajiye kuɗi muka tafi da biyun farko gida na kwana ɗaya.

A daren nan muka jona su ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, muka nufi wata tasha mai rauni a babban dish, wadda yayana ya san sai sama ta yi garau take zuwa. Ƙaramar ta nuna ƙarfi 90 da inganci 70 a kan manyan tashoshi, lambobin da suka fi na matsakaiciyar kyan gani, amma da aka zo kan mai raunin sai ta yi shiru. Matsakaiciyar ta kama ta, hoton yana ɗan tsinkewa amma yana tafiya. Wannan ya isa ya nuna cewa lambobin kashi cikin ɗari da ke allo ba ma'auni ba ne tsakanin akwati da akwati, kowane kamfani yana tsara nasa yadda ya ga dama, kuma wasu suna kumbura su da gangan. Wadda ke nuna sigina da ma'aunin dB ita ce ke faɗin abin da za a iya kwatantawa. Daga nan muka gano wasu aibobi biyu a ƙaramar. H.265 ɗinta na mataki 8 ne a zurfin launi, ta kasa buɗe hoton da aka matse a mataki 10, sannan a wasu tashoshi biyu ta kawo hoto ba murya, domin ba ta san tsarin sauti na AC3 ba, wato cutar tsohuwar ce aka juya ta baibai. Bayan awa biyu da kunnawa na ɗora yatsa a bayanta na janye da sauri, a watan Maris ke nan, tun bazara ba ta kankama ba. Matsakaiciyar ta yi laluben makaho a kan Nilesat cikin 'yan mintoci, ta fito da duk tashoshin da suka ɓace da wasu da ba su cikin littafin bangon kwali. Na kuma duba bayanta na ga tana da ramin RS232, wanda ta nan ake farfaɗo da akwati da kwamfuta idan manhajarsa ta lalace.

Da a kan ƙarfe da waya kaɗai ake yanke hukunci, da magana ta ƙare a nan, ko kuma ta koma muhawara tsakanin matsakaiciyar da mai Linux. Yayana ya kawo hujjojinsa kuma ba na banza ba ne. Akwatin Enigma2 kwamfuta ce sosai, ana canja mata manhaja baki ɗaya da irin su OpenATV ko OpenPLi, ana shirya jerin tashoshi a kan kwamfuta a tura mata, ana ɗaukar shiri a ajiye, ana ma kallon ta a waya daga wani ɗaki. Ni kuma na ce masa tana daɗewa kafin ta gama tashi duk lokacin da aka kunna ta, a gidan da wuta kan ɗauke sau da yawa a yini, ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu, yawancin daɗinta sai da intanet mai ɗorewa, kuma idan ta rikice masu gyaranta a gari ba su da yawa. Muna cikin wannan ne Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a kan darduma tana jan carbi kamar ba ta ji, ta kira ni. Ba ta kama sunan yayana domin ɗan fari ne. Ta ce, "Ka faɗa ma wancan, ko mi za shi saye, shi bar min Makka wurin da nis san ta."

Sai a lokacin na fahimci matsalar da ba ta cikin ƙorafi ukun nan. Duk lokacin da yayana ya yi bincike, jerin tashoshi yana hargitsewa, Harami ya tashi daga lamba ɗaya ya koma ɗari uku da wani abu, tashar da matarsa ke bin wasan kwaikwayo a kai ta nutse a cikin ɗaruruwan tashoshin talla da na harsunan da ba mai ji, wani lokaci kuma binciken ya kwaso abin da bai dace yara su gani ba. Shi kuma ba ya samun sakewa ya yi farautarsa sai dare ya raba, kowa ya kwanta. Mai sha'awa yana son akwatin da zai birkita kullum, iyali suna son wanda ba a taɓawa, kuma babu risibar da aka ƙera, komai tsadarta, da za ta zama duka biyun a lokaci ɗaya a kan talabijin ɗaya. Shawarar da muka tsaya a kai ita ce a canja wa tsohuwar kafasito ta zauna a falo, tunda duk abin da Inna da iyali ke kallo tana buɗe shi, a tsara mata tasha arba'in a kulle wurin saiti da lambar sirri, a sayi matsakaiciyar ta shiga ɗakinsa, kuɗin da zai tafi a kan mai Linux kuma a kashe shi a soro.

A soron ne kuɗin ya tafi kuwa, domin risiba biyu ba sa rabon waya ɗaya yadda ake raba ta eriya. Risiba ce ke ba LNB umarni ta cikin wayar: volt 13 idan tana son siginar tsaye, volt 18 idan ta kwance take so, sannan ta aika wani sauti mai kilohaz 22 idan tana son babban zango, wanda ya fara daga gigahaz 11.7 zuwa 12.75, ta ɗauke shi idan ƙaramin take so, daga 10.7. Kashi huɗu ke nan, kuma LNB mai baki ɗaya kashi ɗaya yake iya bayarwa a lokaci guda. Idan aka tsaga waya aka ba akwati biyu, duk wanda ya fi ƙarfin wuta shi ke jan ragama, ɗayan ya rasa rabin tashoshinsa, a zauna ana zargin aljanu. Don haka muka sayi LNB masu baki biyu, kowane dish ɗaya, da makunnin DiSEqC biyu, wanda masu sana'a ke kira daisek, ɗan akwatin da ke ba risiba damar zaɓen dish har huɗu ta waya ɗaya. Muka ja sabuwar waya mai cikin jan ƙarfe zalla, domin mai arhar ƙarfe ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, muka sa kowane mahaɗi ya kalli ƙasa, muka rufe daisek ɗin a cikin gwangwani kife saboda ruwa. Na ƙara ɗaure ƙafafun babban dish da dutse da siminti, tunda iskar farkon damina a Sakkwato ba ta barin abin da ba a ɗaure ba, kuma karkatar da ido ba ya gani ta isa ta kashe sigina a dish mai wannan faɗi.

Ta fannin wuta, sabuwar ta dace da ɗan solar gidan, domin ita da ƙaramin talabijin ɗin ɗakinsa duk volt 12 suke ci, ana ba su daga batir ba sai an bi ta inbata ba. Sai dai na sa mata ɗan abin daidaita wuta a tsakani, saboda batirin da ake kira na volt 12 yakan haura 14 idan rana tana caja shi. Wata fa'idar adafta a waje ita ce in wuta ta yi ɓarna ita ce ke ƙonewa, a sayi wata, akwati yana nan lafiya, kuma zafinta ba ya cikin cikinsa.

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, saboda haka lokacin da ake shan ruwa a Sakkwato Makka ta riga ta shiga isha'i da tarawihi, Inna kuma ta samu abinta a lamba ɗaya tana shan kunu tana sauraron ƙira'a. Kwana huɗu da fara azumi sai ga kiran yayana da rana tsaka, murya a sama, wai sabuwar risibar ma ta lalace, jiya da yau hoton Nilesat yana ɗaukewa ɗif na 'yan mintoci sannan ya dawo. Na tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce bayan ɗaya da rabi, gab da azahar, kuma duka kwanakin lokaci ɗaya. Na ce ya leƙa falo ya gani ko tsohuwar ma tana yi, ya dawo ya ce tana yi. Na ce to gobe in lokacin ya yi ya hau soro ya dubi inda inuwar LNB ta faɗa. Ya hau, ya ga inuwar ta sauka a tsakiyar dish daidai. Sau biyu a shekara, a tsakiyar Maris da kuma ƙarshen Satumba a wurinmu, rana takan bi ta bayan jerin taurarin, sai hayaniyar da take fitarwa ta danne siginar tauraron da dish ke kallo na ɗan lokaci, kwanaki kaɗan a jere, sannan abin ya wuce da kansa. Mutumin da ya shekara talatin yana zana wa ɗalibai tafiyar rana a allo ya yi shiru a waya, sannan ya ce in bar maganar a tsakaninmu.

Abu ɗaya na hana shi, shi ne ɗora wa sabuwar manhajar da ake turawa a zaurukan WhatsApp na 'yan harka, domin akwatuna masu suna ɗaya kan zo da ƙwaƙwalwa daban, kuma fayil ɗin da bai dace ba, ko ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗorawa, yana barin akwati a sandare da rubutu ɗaya a goshinsa. Na nuna masa yadda zai kwafe jerin tashoshin kowace risiba a filash kafin ya taɓa komai, na falo kuma na ajiye kwafinsa a wurina.

Daminar da ta biyo baya hoto ya riƙa ɗaukewa idan hadari ya yi nauyi, kamar yadda zangon Ku, wato zangon siginar da waɗannan tashoshi ke saukowa a kai, ya gada, ya dawo da an tsagaita, ba wanda ya zargi akwati. Ya ƙara dish na uku a kan Badr, ya cike baki uku cikin huɗu na daisek ɗinsa. Na huɗun ya tanade shi ne domin digiri 68.5, amma bishiyar dogon yaron maƙwabcinsa ta tsaya daidai saitin gabas, tauraron kuma yana ƙasa ƙwarai, ganye kuwa ba ya barin sigina ta wuce. Yana maganar sayen mota mai juya dish, tunda sabuwar risibar ta san tsarin USALS da ke lissafa inda kowane tauraro yake idan aka ba ta lambobin garin, ni kuma ina ce masa nauyin dish mai mita 1.8 ya fi ƙarfin ƙananan motocin da ke shan wuta ta wayar risiba, sai dai babban hannun turawa mai akwatin wutarsa daban. Har yanzu bai saya ba, kuma bai yi wa maƙwabcin maganar sassabe reshen ba, domin a inuwar bishiyar suke zama da la'asar.